Wanda ya sayi kaya don ya sayar: "sake sayarwa" ya yi, ko sari?

Tambayar da aka aiko ita ce: idan mutum ya sayi abu, daga baya ya sayar da shi ga wani, mene ne sunan wannan aiki a Hausa? Mai tambayar ya ce yana yawan ganin "sake sayarwa" da "mai sake sayarwa" a manhajojin waya da shafukan ciniki na intanet, kuma kunnensa bai kwanta da su ba, amma ya rasa inda matsalar take, don haka yana son a bayyana masa ma'anarsu da wurin da ya dace a sa su.

Malam, kunnenka bai yaudare ka ba. "Sake sayarwa" ba kuskuren nahawu ba ce, kowane Bahaushe zai iya furta ta a muhallinta, sai dai ma'anarta ba ta kai faɗin da masu fassara suke ba ta ba, kuma aikin da kake tambaya a kansa, wato sayen kaya da niyyar sayarwa, yana da tsofaffin sunayensa a bakin 'yan kasuwa, babba daga cikinsu shi ne sari. Abin da ya jawo ruɗanin shi ne Ingilishi da Faransanci suna da wani ɗafa-goshi, wato "re-", da suke liƙawa a farkon aikatau don nuna maimaici, sai mai fassara ya saba da mayar da shi "sake" duk inda ya gan shi, ba tare da ya tsaya ya tambayi kansa wane ne ya maimaita aikin ba.

Ya kamata a fara daga ita kanta "sayar". Hausa ba ta da saiwa biyu, ɗaya ta saye ɗaya ta sayarwa; saiwa guda ce, ƙarshen kalmar ne yake nuna inda kayan suka nufa. Mutum ya saya, ya sayi doki, ya saye shi. Idan ya sayo, to ya taho da abin nan inda muke. Idan aka ce ya saye hatsin kasuwa, to bai rage wa kowa ba. Idan kaya sun sayu, sun sami karɓuwa ke nan, wanda kuma ba ya sayuwa ya fi ƙarfin aljihu. "Sayar" kuwa tana cikin rukunin aikatau masu nuna fitar abu daga hannun mai aikin zuwa wani, kamar yadda ake cewa ya auri mace amma ya aurar da 'yarsa, ya koyi karatu amma ya koyar da yara. A tsarin rukunan aikatau bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960, wanda har yau ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'i, wannan shi ne rukuni na biyar. A baki ana gajarta ta a ce "ya sai da", ko "na saishe shi", a yammacin ƙasar Hausa kuma za ka ji "saisuwa" a inda Bakano zai ce sayarwa. Akwai ƙa'ida guda da manhajoji suke yawan karyawa a nan: "sayarwa" ba ta ɗaukar karɓau, wato sunan abin da ake sayarwa, kai tsaye. Ana cewa "yana sayarwa" a yi shiru, amma da zarar an ambaci kayan sai ta koma "yana sayar da atamfa". Saboda haka rubutu irin "sake sayarwa kaya" ya karye tun kafin a zo batun ma'ana.

Ita kuwa "sake", idan ta hau kan suna tana nufin canji, kamar ya sake riga, ya sake shawara, ya sake hali. Idan ta hau kan aiki sai ta nuna cewa wanda ya yi aikin a da, shi ne ya maimaita shi. Nan ne gaɓar take. Wanda bai taɓa zuwa Zariya ba, ba za a ce ya sake zuwa ba ko da ƙaninsa ya je sau goma. Haka nan ɗan kasuwar da ya sayi buhun shinkafa da safe ya sayar da yamma sau ɗaya tak ya sayar da wannan buhu. Sayarwar farko ta wani ce daban, ba tasa ba, don haka babu abin da ya sake.

Ka gwada jimlar a gaban mai unguwa a kowace sabuwar unguwa da ake yanka filaye a bayan gari, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, wane ya sake sayar da filin nan." Ba zai fahimci cewa wane ya saya a bara ya sayar a bana ya ci riba ba. Zai gyara zama ya tambaye ka wa ya fara sayar wa, ina takardar cinikin farko, su wane ne shaidu, domin abin da kunnensa ya ji shi ne mutum ɗaya ya karɓi kuɗin fili ɗaya a hannun mutum biyu, kuma irin wannan rigima ce take cika zaurensa. Jimlar da mai fassara ya ɗauka bayanin halastaccen ciniki ce ta koma zargin damfara. Da abin da ake nufi shi ne cinikin riba, da cewa za a yi "ya sayar da filin da ya saya bara", ko "filin ya bar hannunsa", ko "ya sayar wa wani", kuma babu wanda zai ɗaga kai.

Misali biyu daga labaran da kowa ya sani za su ƙara fito da bambancin. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Leicester City ta sayi Ahmed Musa daga CSKA Moscow a 2016, ta sayar da shi ga Al-Nassr ta Saudiyya a 2018. Mai rahoton wasanni da ya rubuta "Leicester ta sake sayar da Musa" ya ba da labarin abin da bai faru ba, tunda sau ɗaya ƙungiyar ta sayar da shi. Amma kamfanin sadarwa na NITEL, gwamnatin tarayya ta sayar da shi ga kamfanin Transcorp a 2006, ta soke cinikin a 2009, daga baya ta miƙa kadarorinsa ga kamfanin NATCOM a 2015. A nan "gwamnati ta sake sayar da NITEL" daidai take ba gyara, domin mai sayarwar ɗaya ne, abin ya dawo hannunsa, ya kuma fitar da shi karo na biyu. Haka yake ga mai kantin da aka dawo masa da rediyo bayan an fasa ciniki, ko telan da mai saye ya ƙi zuwa karɓar rigar da ya saya bashi: idan suka sami wani mai saye, sun sake sayarwa.

Akwai kafa ɗaya da take buɗe wa "sake" hanya ko da masu sayarwar sun bambanta, wato idan an ɓoye mai aikin aka yi amfani da "an" ko "aka". Za a iya cewa "an sake sayar da gidan nan", ko "motar nan sau uku ana sayar da ita", domin hankali ya koma kan gidan da motar, ba kan wanda ya karɓi kuɗin ba. Wannan ita ce sigar da ta fi dacewa da kanun labarai da bayanin tarihin kadara. Da zarar ka dawo da sunan mutum cikin jimlar, kafar ta rufe.

Kada kuma a ɗauka "ƙara" da "kuma" za su maye gurbin. "Ya ƙara sayar da shanu" yana iya nufin ya sayar da wasu shanun a kan waɗanda ya riga ya sayar, tunda asalin ƙari ɗori ne a kan abin da yake akwai. "Kuma" ta fi zama a jimlar korewa da gargaɗi, kamar "kada ka kuma sayar masa bashi". "Ya sassayar da kayansa" kuwa yawan kayan ko yawan masu saye take nunawa, ba dawowar abu ɗaya kasuwa ba.

To, mu zo kan sari, wanda shi ne amsar tambayarka a mafi yawan lokuta. Abin sha'awa game da wannan kalma shi ne ba ta jiran ranar sayarwa kafin ta ba aikin suna; tun daga lokacin saye take bayyana niyyar mai saye. Wanda ya ce "na sari kaya" ko "na saro kaya daga Kwari" ya riga ya gaya maka cewa ba don gidansa ya saya ba, sayarwa zai yi. Mutane da yawa suna fassara sari da sayen kaya masu yawa, kuma gaskiya ne yawanci da yawa ake sara, shi ya sa ake da "farashin sari" a kishiyar farashin ɗai-ɗai. Amma a ganina yawa ba shi ne ginshiƙin ma'anar ba. Attajirin da ya sayi buhu 20 na shinkafa don ciyar da gidansa da rabon azumi sayayya ya yi, ko da an ba shi a farashin sari. Yarinyar da ta karɓi goro 50 a hannun mai huhu don ta ɗora a faranti ta yi talla, ita sari ta yi. Kalmar tana bin rukunan aikatau kamar 'yar'uwarta: ya sara, ya sari kaya, ya sare su, ya saro, kuma wanda yake ba 'yan sari kaya yana sarar musu, shi ya sa za ka ji mai shago yana cewa "muna sararwa, muna kuma sayar da ɗai-ɗai". A rubuce ta yi kama da saran itace da saran maciji, amma mahallin magana ba ya barin a ruɗe.

Ka bi buhun masara ɗaya ka ga yadda harshen yake aiki. Manomi ya kai shi kasuwar ƙauye a yankin Saminaka ko Dandume, wani ɗan kasuwa ya saya ya haɗa da wasu ya cika mota. Motar ta sauke a Dawanau, babbar kasuwar hatsi ta Kano, inda mai sito ya karɓa. Ma'auni daga cikin gari ya zo ya ɗauki buhu biyu, ya kai rumfarsa, ya farke bakin buhun, ya zuba a tabarma ko a babban baho, yana auna wa mutane da tiya da rabin tiya. Buhun da ake lissafa shi a kan kamar tiya 40, a cikin ɗan bambancin kuɗin kowace tiya ribarsa take, bayan ya cire kuɗin dako da na mota. Wata mata ta aiko yaro ya auno mata tiya uku, ta surfa, ta niƙa, ta tuƙa tuwon sayarwa. Masarar nan ta ratsa hannu huɗu ko biyar kafin ta shiga ciki, kowane hannu ya saya ya sayar, amma ka tsaya a kowace gaɓa ka saurara, ba za ka ji wanda ya ce "sake" ba. Abin da za ka ji shi ne "na tafi sari", "a ina kake sari?", "kuɗin sarin ma bai fito ba", "yau sari ya yi tsada". Idan ka tambayi ma'aunin sana'arsa zai ce maka awo yake yi.

Wannan ya kawo mu ga ɗaya ɓangaren, domin bayan an saro, yadda aka fitar da kayan shi yake ba sana'ar suna. Mai tumatir da ya saro kwando a kasuwar 'Yankaba ta Kano kasawa yake yi, kashi-kashi. Mai yawo da yadi ko turare a kafaɗa ɗan kiri ne. Mai allura da zare da madubi da kwalli ɗan koli ne, mai sabulu da sukari da madara a shagon unguwa ɗan tireda ne. Wanda ya sayi man fetur a gidan mai ya zuba a jarka da galan yana sayarwa a bakin titi ɗan bumburutu ne, sunan da ya ɗauki ɗan zargi a cikinsa. A da, manomin da yake ɗora hatsi a jaki da rani daga wannan kasuwar ƙauye zuwa waccan kwarami yake yi, wanda kuma ya yi nisan zango, kamar masu kai kanwa da tufafi Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, su saro goro, fatauci yake yi. Duk waɗannan a harshen manhaja "masu sake sayarwa" ne, alhali kowannensu yana da sunan da yake bayyana abin da yake sayarwa, da yawansa, da nisan da ya ɗauko shi.

Akwai kalma ɗaya da ta fi kowace kusa da ma'anar saye a sayar nan take, ita ce baranda. A kasuwannin dabbobi irin na Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis, ko Potiskum ranar Laraba, ɗan baranda yana sammako ya tari mai akuya ko mai sa tun rana ba ta yi ba, ya taya, a sallama masa, sannan ya ja dabbar 'yan taku kaɗan ya tsaya da ita yana jiran wanda zai ɗora masa wani abu. Bai yi kiwo ba, bai yi dako ba, jarinsa shi ne sanin farashi da saurin ido, kuma idan kasuwa ta juya masa baya kafin la'asar, shi zai kwana da dabbar ko ya karyar. A zamanin cinikin gyaɗa ma da wannan suna ake kiran masu saye a hannun manoma su kai wa manyan wakilan kamfanoni. Idan abin da kake son fassarawa shi ne saye don a juya cikin gaggawa, ba tare da an ƙara wa kayan komai ba, baranda ce kalmarsa.

Inda na fi ganin ana cakuɗa abubuwa a yau shi ne tsakanin ɗan sari da dillali, kuma bambancinsu ba na ado ba ne. Ɗan sari ya mallaki kayan, abin da ya samu riba ce a kan uwar kuɗinsa. Dillali bai mallaka ba, ya haɗa mai kaya da mai saye ne, abin da ya samu la'ada ce. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce a tambaya: idan kayan nan suka ƙone ko aka sace su a daren yau, asarar wa aka yi? Idan tasa ce, ya saya zai sayar. Idan ta mai shago ce, to shi ɗan tsakani ne ko da da bakinsa aka yi ciniki. A Kantin Kwari, babbar kasuwar yadi ta Kano, akwai samarin da ake kira 'yan kayi-nayi, masu tarar baƙo a bakin layi su tambaye shi abin da yake nema. A ce mai shago ya bar turmin atamfa a naira 20,000, sai yaron ya ɗauko ya kawo wa mai saye a 22,000, ya mayar wa mai shago kuɗinsa ya soke ragowar a aljihu. Bai sari turmin ba, domin da ba a saya ba mayarwa zai yi. Da yawa daga cikin masu tallar atamfa da takalma da mayafai a WhatsApp da Instagram, waɗanda suke ɗora hoton kayan da suke shagon wani su ƙara nasu a kai, sai an turo kuɗi su je su karɓo, a wannan layin suke, ko da sun kira kansu 'yan sari. Ba aibu ba ne, sana'a ce da take ciyar da gidaje da yawa, amma mai rubuta sharuɗɗan manhaja ko takardar yarjejeniya dole ya san wanne yake nufi, domin ranar da kaya suka lalace a hanya, a kan wannan kalmar za a yi shari'a.

Sai kuma wanda ya sayi abu don amfanin kansa, ya mora, daga baya ya fitar da shi. Shi ba ɗan sari ba ne, kuma Hausa tana da ladabinta a nan. Mai mota zai ce "zan rabu da ita", ko "zan sa ta a kasuwa". Wanda buƙata ta matsa wa ya kaɗar da abinsa, wanda ya sayar ƙasa da yadda ya saya ya karyar. Aboki ba ya cika ce wa aboki "sayar mini da wayarka", ya fi cewa "ka fansar mini", kalmar da ake amfani da ita wajen Alƙur'ani da littattafan addini don kauce wa ambaton ciniki a kansu. 'Yan jarida kuma sun riƙe "cefanar da" don kadarorin gwamnati da 'yan ƙwallo. Shi kansa abin da aka mora ana kiransa na hannu, tufafin da ake kwancewa daga dila a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano kuwa gwanjo ne, kuma mai sayar da su, tunda dila ya saro, ya koma ɗan sari.

Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe waɗannan sigogi, kuma duk wanda zai yi rubutu a kan ciniki don Hausawa yana bukatar sanin kalmominsu, tunda da su ake wa'azi da su ake hukunci a kotunan shari'a. Idan mutum ya bayyana wa mai saye nawa ya sayi abu sannan ya ɗora riba sananniya, wannan murabaha ce, kuma a kanta bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa suke gina yawancin cinikinsu, kamar bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012: banki ya sayi motar ko kayan, su shiga mallakarsa, sannan ya sayar wa abokin hulɗa da ƙarin riba a biya sannu a hankali. Idan ya bar wa wani a yadda ya saya ba ƙari ba ragi, tauliya ce, wato abin da muke cewa "na bar maka a kuɗinsa". Idan mai saye da mai sayarwa suka yarda suka warware ciniki kowa ya karɓi nasa, iƙala ce, kuma bayanta ne mai kaya yake sake sayarwa a ainihin ma'anar kalmar. Akwai kuma cinikin ina, inda mutum yake sayar wa wani kaya bashi da tsada, nan take ya saye su daga hannunsa da kuɗi hannu a ƙasa da haka. Malaman Malikiyya sun hana shi domin sun ga rance da ruwa ne aka sa wa rigar ciniki.

Hukuncin da ya fi shafar 'yan sari kai tsaye shi ne na sayar da abu kafin a karɓe shi. Hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda yake cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, ya hana wanda ya sayi abinci ya sayar da shi har sai ya karɓe shi cikakke. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, hanin ya shafi abincin da aka saya da awo ko ma'auni ko ƙidaya, ban da wanda aka saya a tsibi bisa kintace, Shafi'iyya kuwa sun faɗaɗa shi zuwa kowane irin kaya. Ma'anarsa a aikace ita ce wanda ya sayi buhu 100 na gero ta waya, ba a auna masa ba, ba a ware masa ba, bai kamata ya juya ya sayar da su ga na uku yana zaune ba. Hadisin Hakim ɗan Hizam kuma ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa, abin da Bahaushe yake kira cinikin biri a sama. Wannan shi ya sa mai tallar hoto a waya ya fi samun kwanciyar hankali idan ya fito fili ya ce shi wakilin mai shago ne ko dillali, maimakon ya yi magana kamar kayan suna ɗakinsa. Tafsilin hukuncin kowane ciniki na malaman fiƙihu ne. Abin da ya shafe mu a nan shi ne kalmar da ka zaɓa tana bayyana wane irin ciniki aka ƙulla.

Idan ka zo rubutu, ka fara duba wane ne mai aikin da kuma abin da ake son mai karatu ya yi. Manhajar da take neman masu sayen data da yawa su sayar wa jama'a, "sari data ka sayar" ko "zama ɗan sari" za ta rubuta, idan kuma kamasho take biya, "zama wakilinmu". Gidan sauro ko maganin da ake rabawa kyauta, rubutun da ya dace da kwalinsa shi ne "ba na sayarwa ba ne", domin "ba a sake sayarwa" yana nuna kamar an taɓa sayar da shi. Takin da gwamnati ta sayar wa manoma da rangwame kuwa, tunda an saya, sai a rubuta "ba a yarda wanda ya saya ya sayar wa wani ba". Wajen bayanin darajar abu idan an tashi fitar da shi, kada ka ƙirƙiro "darajar sake sayarwa". Dillalan motoci cewa suke yi "motar nan tana da kasuwa", ko "ko yaushe ka tashi sayarwa ba za ka faɗi ba", mata kuma suna cewa gwal kadara ce saboda wannan dalilin.

A takardar cinikin gida ko fili ne ya fi kamata a yi taka-tsantsan. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shardanta amincewar gwamna kafin mai takardar mallaka ta gwamnatin jiha ya miƙa haƙƙinsa ga wani, kuma masu gina rukunin gidaje sukan ƙara nasu sharaɗin a kan mai saye. Idan sharaɗin a kan mai saye yake, a rubuta "mai saye ba zai sayar da gidan ga wani ba sai da izini a rubuce". Idan kuwa a kan mai sayarwa yake, don a hana shi karɓar kuɗin wani bayan ya karɓi na farko, a nan ne za a rubuta "mai sayarwa ba shi da ikon sake sayar da gidan bayan an sa hannu a wannan takarda".